Yadda Ake Tsara Ginin Harhaɗawa Mai Tsimin Makamashi, Daga Zane Zuwa Kunna Wuta

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa game da ginin harhaɗawa, wato ginin da ake ƙera sassansa a masana'anta, a ɗauko su a tirela, a jera su a kan fandisho, ita ce yawan faifan sola da za a saya da kuma injin ɗumama da ya fi dacewa. Tambayar tana da kyau, sai dai ta zo kafin lokacinta, domin ba a sanin girman injin da gini yake buƙata sai an san yawan zafin da ginin zai riƙa zubarwa ta bango da rufi da tagogi. Akwai kuma abin da ya raba wannan aiki da ginin bulo. Mai ginin bulo yana iya sauya ra'ayi ana tsakiyar aiki, ya ce a matsar da taga ko a fasa bango a ratsa bututu, amma a nan da zarar masana'anta ta fara yanka katako ko ƙarfe, kowane canji kuɗi ne mai yawa da jinkiri. Saboda haka kusan dukkan shawarwari ana yanke su ne a kan takarda, kuma a jere kamar yadda suka zo a ƙasa.

Mataki na 1: Fili, hanya da izini

A fara da zuwa filin a tsaya a duba inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa, da bishiyoyi ko gine-ginen da za su yi wa rufin inuwa, musamman a lokacin sanyi da rana ke bi ta ƙasa-ƙasa. A sa injiniya ya gwada ƙasar, domin sakamakon gwajin ne zai nuna irin fandishon da za a yi.

Daga nan a bi hanyar da tirela za ta bi tun daga babban titi har bakin filin, ana lura da kwana mai tsauri, da gada mai iyakar nauyi, da wayoyin lantarki da suka rataya ƙasa. A ƙasashen Turai faɗin mota da kayanta a kan titi ba ya wuce mita 2.55 sai da izini na musamman, kuma kowace ƙasa tana da irin nata ƙa'idar. Faɗin da hanya ta yarda da shi ne yake ƙayyade faɗin kowane sashe, shi kuma faɗin sashe yake ƙayyade girman ɗakuna.

Gargaɗi: ƙera gini a masana'anta ba ya ɗauke wa mutum neman izinin gini. Kada a biya kafin alƙalami sai an tabbatar cewa hukumar tsara gari za ta amince da irin wannan gini a wannan fili.

Mataki na 2: Kafa ma'auni da lissafin buƙata

A rubuta yawan mutanen da za su zauna, da sa'o'in da suke yi a ciki, da duk na'urorin da za su ci wuta. Sannan a zaɓi ma'auni mai lamba wanda za a iya gwadawa, a sa shi cikin yarjejeniya, domin kalmar "mai tsimin makamashi" ita kaɗai ba ta ɗaure kowa. Ma'aunin da aka fi sani shi ne na Passivhaus, wanda ya samo asali daga Jamus: ɗumama kada ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kowane murabba'in mita a shekara, kuma idan aka matsa wa gidan iska da ƙarfin faskal 50 (faskal ma'aunin matsin iska ne), iskar da ke yoyo a cikin awa ɗaya kada ta wuce 0.6 na dukkan iskar da ke cikin gidan. Ko da ba za a nemi takardar shaidar wannan ma'auni ba, ya kamata a ɗauki lambobinsa a matsayin abin da ake nufa.

Ga misalin da za mu riƙa komawa gare shi. Gida mai murabba'in mita 100 a wannan ma'auni zai buƙaci zafi na kilowat-awa 1,500 a shekara. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16, don haka idan iyali suna amfani da lita 200 a rana, ana ɗaga ta daga digiri 15 zuwa 55, za su ci kusan kilowat-awa 9.3 kullum, wato kimanin 3,400 a shekara. A lura da abin da wannan lissafi ya fito da shi: a gidan da aka rufe da kyau, ruwan zafi ya ninka ɗumama ɗakuna wajen cin makamashi, kuma shi ne masu tsari suka fi mantawa da shi.

Mataki na 3: Siffar gini, tagogi da inuwa

Gini mai dunƙulalliyar siffa ya fi mai fukafukai da lunguna riƙe zafi, saboda kowace kusurwa ƙarin bango ne da ke fuskantar waje. Sassa huɗu da aka jera biyu a ƙasa biyu a sama sun fi huɗun da aka baza a jere tsimi.

A yankunan da ke arewacin layin ikwaita, manyan tagogi a wuri mai sanyi su fuskanci kudu, a kudancin layin kuma su fuskanci arewa. Tagogin yamma a rage su a ko'ina, domin ranar la'asar tana shigowa a kwance, kuma baranda ba ta tare ta. Wannan batu ya fi tsanani a ginin harhaɗawa, saboda bangonsa marar nauyi ne, ba ya shanye zafin rana ya saki a hankali kamar bangon kankare, sai ɗaki ya yi zafi cikin sa'o'i kaɗan. Inuwa kuwa daga waje ake yin ta, da rumfa ko marufin taga, domin labulen ciki yana tare hasken ne bayan zafin ya riga ya ratsa gilashi.

Mataki na 4: Makarin zafi da mahaɗar sassa

A nan ya kamata mafi yawan hankali da kaso mai tsoka na kuɗi su tafi, domin injin da ya lalace ana sauya shi a yini ɗaya, amma abin da aka rufe a cikin bango yana nan har tsawon rayuwar ginin.

Ana auna ingancin bango da yawan wat ɗin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya idan bambancin zafin ciki da waje digiri ɗaya ne. A wurare masu sanyi ana neman kada ya wuce 0.15 a bango da rufi da daɓe, da 0.8 a taga, wanda ke nufin gilashi mai falle uku. Makarin zafi, wato abin da ake sawa a cikin bango don hana zafi ratsawa, idan na audugar dutse ne ko ta gilashi, audugar mai kaurin santimita 25 tana kai wa kusan wannan adadi. Allunan soso masu tauri suna kaiwa da ƙarancin kauri, abin da ke da amfani idan faɗin sashe ya matse, sai dai a tambayi yadda suke yi da wuta kafin a zaɓe su.

Idan ƙashin ginin na ƙarfe ne, a ƙara kula. Ƙarfe yana wuce da zafi fiye da katako sau ɗaruruwa, don haka makarin da aka cusa a tsakanin ginshiƙan ƙarfe kaɗai ba ya wadatarwa, dole a naɗe ƙashin gaba ɗaya ta waje da wani falle marar yankewa. In ba haka ba, a lokacin sanyi za a ga layukan danshi a jikin bango daidai inda kowane ginshiƙi yake, daga baya fumfuna ta biyo su. Masu son yin gida da kwantenar jirgin ruwa su riƙe wannan sosai, domin ita ƙarfe ce zalla.

Sai mahaɗa, wato inda sashe ya haɗu da sashe. Masana'anta tana iya ƙera kowane sashe ba tare da aibi ba, amma haɗa su a fili ake yi, sau da yawa cikin gaggawa saboda kuɗin hayar injin ɗaga kaya yana tafiya da awa. A nemi zane na musamman, mai girma, na kowace mahaɗa: bango da bango, sashen sama da na ƙasa, sashe da fandisho. A ɗora alƙalami a kan layin da ke hana iska wucewa, a bi shi a zagaye ginin a kan takarda ba tare da ɗaga hannu ba. Duk inda alƙalamin ya tsaya, nan iska za ta riƙa shiga. A kuma rubuta sunan wanda zai liƙe mahaɗar, masana'anta ko ɗan kwangilar fili, domin aikin da ba a ba kowa ba kowa yakan ɗauka na ɗan'uwansa ne.

Gargaɗi: fallen da ke tare tururi yana zama ne a gefen da ya fi ɗumi. A ƙasa mai sanyi yana ta ciki, a wuri mai zafi da danshi inda ake sanyaya ɗaki kuma lissafin yakan juye. Idan aka sa shi a gefen da bai dace ba, ruwa zai taru a cikin bango ya ruɓar da katako ko ya sa ƙarfe tsatsa, kuma ba za a gani ba sai ɓarna ta yi nisa. Masana'antar da ke wata ƙasa tana iya kawo zanen da ya dace da yanayinta, saboda haka a sa injiniya ya duba shi da yanayin filin.

Mataki na 5: Sauya iska

Gidan da aka toshe ba ya numfashi da kansa, don haka yana buƙatar injin da ke fitar da gurɓatacciyar iska daga kicin da banɗaki, ya shigo da sabuwa cikin falo da ɗakunan kwana, yana kwashe ɗumin mai fita yana ba mai shigowa. A nemi wanda ke maido da aƙalla kashi 75 cikin ɗari na zafin, a kuma ƙiyasta kimanin mita-kubik 30 na iska a awa ga kowane mutum. Hanyar bututunsa tilas ta shiga zanen masana'anta, tare da wuraren da bututu zai tsallaka daga sashe zuwa sashe, kuma a ajiye injin inda hannu zai kai ga matatarsa, domin ana sauya ta sau ɗaya ko biyu a shekara.

Mataki na 6: Ɗumama da ruwan zafi

Yanzu ne lokacin zaɓen inji ya yi. Ga mafi yawan gidaje, famfon zafi shi ne zaɓi na farko. Yana aiki kamar firji da aka juya: yana janyo zafi daga iskar waje ko daga ƙasa ya tura shi cikin gida, kuma kowane kilowat-awa ɗaya na lantarki yakan ba da uku zuwa huɗu na zafi. Mai janyowa daga iska ya fi araha da sauƙin kafawa, amma ƙarfinsa yana raguwa idan sanyi ya tsananta. Mai janyowa daga ƙasa ya fi daidaito saboda zafin ƙasa a zurfi ba ya sauyawa sosai a shekara, sai dai haƙa rijiyarsa ko binne bututunsa yana da tsada, kuma a ƙaramin gida mai ƙarancin buƙata da wuya tsimin ya biya wannan tsada. A ganina kuɗin haƙar ya fi amfani idan aka zuba shi a tagogi.

Abu biyu ke sa famfon zafi ya yi kyau ko ya ba da kunya. Na farko shi ne zafin ruwan da yake turawa: gwargwadon ƙarancinsa gwargwadon tsimin wuta. Bututun ɗumama da ke ƙarƙashin daɓe yana aiki da ruwa mai kimanin digiri 35, alhali ƙananan farantan ɗumama na jikin bango suna neman fiye da haka nesa. Idan bututun daɓe za a yi, kowane sashe ya zo da nasa zagayen daga masana'anta, a haɗa su a wuri ɗaya da ake iya buɗewa. Na biyu shi ne girma. Gida a ma'aunin Passivhaus yana buƙatar kimanin wat 10 a murabba'in mita a ranar da ta fi sanyi, wato kusan kilowat ɗaya ga gidan misalinmu. Mai sayarwa yakan so ya ba da babba "don kada a rasa", amma injin da ya fi ƙarfin gida yana kunnuwa yana mutuwa a kai a kai, ya ci wuta, ya kuma tsufa da wuri. A nemi lissafin asarar zafi na kowane ɗaki a rubuce kafin a yarda da kowane girma.

Ruwan zafi yana buƙatar tanki mai rufi, kuma a ware masa wuri a zane kusa da banɗaki da kicin don bututu ya gajarta. Inda rana take da ƙarfi duk shekara, tukunyar ɗumama ruwa ta hasken rana a kan rufi tana ɗauke mafi yawan wannan nauyi ba tare da lantarki ba. Idan famfon zafi yana iya juyawa ya sanyaya ɗaki, a faɗa tun yanzu, domin sanyayawa tana buƙatar hanyar zubar da ruwan da ke tsatsafowa.

Gargaɗi: ƙwayar cutar lejiyonela tana hayayyafa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, don haka a saita tankin ya riƙa kaiwa digiri 60 a kai a kai. Wanda kuma yake son murhun itace ko na dunƙulen garin katako, ya tabbatar murhun yana jan iskarsa daga waje ta bututunsa na kansa, a kuma sa na'urar ƙararrawa ta iskar guba marar wari, saboda a gidan da aka toshe kuskure a nan yana kashewa.

Mataki na 7: Sola, inbata da batir

A tara buƙatar lantarki ta shekara. A misalinmu, ɗumama da ruwan zafi sun kai kilowat-awa 4,900 na zafi, wanda famfon da ke ninka uku zai samar da kimanin 1,600 na lantarki. Idan muka ɗauka fitilu da firji da girki da sauran na'urori za su ci 2,500, jimillar ta kai kimanin 4,100.

Sai a duba abin da kilowat ɗaya na faifai ke bayarwa a filin. Manhajar PVGIS ta Tarayyar Turai da taswirar Global Solar Atlas ta Bankin Duniya suna ba da wannan kyauta idan aka nuna musu wurin. A arewacin Turai adadin yana kusa da kilowat-awa 1,000 a shekara, a ƙasashe masu rana kuma yakan wuce 1,500. A wuri na farko ana buƙatar kimanin kilowat 4, wato faifai 10 masu wat 400, waɗanda za su ci kusan murabba'in mita 20 na rufi. A wuri na biyu faifai 7 sun isa. Faifan su fuskanci layin ikwaita, a bar tazara a ƙarƙashinsu don iska ta ratsa, domin ƙarfinsu yana raguwa da kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari a kowane digiri sama da 25. A gaya wa masana'anta nauyinsu da wuraren ɗaure su da ramin da waya za ta bi, don kada wani ya zo daga baya ya huda rufin da aka liƙe.

Gargaɗi: jimillar shekara tana yaudara. A ƙasashe masu nisa da ikwaita, abin da faifai ke bayarwa a tsakiyar hunturu yakan gaza kashi ɗaya cikin huɗu na tsakiyar bazara, kuma a daidai lokacin ne ɗumama ke cin wuta. Batirin gida yana ɗaukar wutar rana zuwa dare, ba ya ɗaukar ta bazara zuwa hunturu. Inda akwai babban layin lantarki, ya fi hikima a haɗu da shi. Inda babu, a yi lissafi da watan da ya fi duhu, a kuma tanadi wata hanya ta ko-ta-kwana.

Girman batir yana bin abin da ake ci daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Idan kilowat-awa 5 ne, batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet na kimanin 6 ya isa, na darma kuwa sai 10, saboda ba a so a sauke shi ƙasa da rabi. Kada a yi cajin na litiyam a sanyin da ya kai na ƙanƙara, kada kuma a ajiye shi inda zafi ke taruwa ko a hanyar fita. Game da inbata, wato na'urar da ke juya wutar faifai da batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita, a sani cewa wadda aka ƙera don haɗuwa da babban layi kawai tana kashe kanta idan layin ya ɗauke, ko da rana tana tsaka, don kare masu gyaran waya. Wanda ke son wuta a irin wannan lokaci sai ya nemi wadda ke iya aiki da batir ita kaɗai.

Mataki na 8: Kuɗi da yarjejeniya

Farashin da masana'anta ke faɗa yawanci na sassan ne a bakin ƙofarta. A tambaya a rubuce ko ya haɗa da fandisho, da dako, da inshorar hanya, da hayar injin ɗaga kaya, da liƙe mahaɗa, da jawo ruwa da wuta da magudana. A nemi farashi daga aƙalla masana'antu uku a kan takardar buƙata guda, a ware kuma wani kaso na ko-ta-kwana, musamman saboda aikin ƙasa, inda abin da ba a zata ba ya fi fitowa.

Idan kuɗi ya gaza, a rage daga abubuwan da suka zo a ƙarshen matakan nan. Batir na iya jira, faifai ma ana iya ƙara su daga baya muddin an bar musu hanyar waya da gurbi a akwatin rarraba wuta, amma makarin zafi da tagogi da liƙi ba sa jira. A sa a lissafi cewa faifai sukan zo da garantin shekara 25, inbata kuwa ana sa ran sauya ta bayan shekara 10 zuwa 15.

Masana'antu sukan nemi kaso babba kafin gini ya iso fili, saboda haka a raba biya bisa matakai, a je a ga sassan kafin a rufe bangonsu, a ɗauki hoton makari da bututu da wayoyi, a kuma riƙe kaso na ƙarshe har sai an ci gwajin da ke mataki na 10.

Mataki na 9: Fandisho da ranar saukewa

Sassan suna zuwa da ma'auni na milimita, don haka fandishon da ya karkace kaɗan zai hana mahaɗa zama. A sa mai awo ya tabbatar da tsayi da kusurwoyi da wuraren da bututun ruwa da magudana suka fito kafin tirela ta taso. A zaɓi ranar da ba a sa ran ruwa ko iska mai ƙarfi, a tanadi tamfol, kuma kada a bar mahaɗar rufi a buɗe ta kwana. Makarin da ya jiƙe a fitar da shi a sa wani.

Mataki na 10: Gwaji kafin biyan ƙarshe

A yi gwajin yoyon iska, inda ake ɗaura babbar fanka a bakin ƙofa a matsa wa gidan iska, tun kafin a rufe mahaɗa da kayan ado, domin a lokacin ne za a iya bin hayaƙin gwaji a ga ramin a liƙe shi. A auna iskar da ke fita daga kowane bakin bututu a daidaita ta da zane. A sa mai kafa famfon zafi ya saita zafin ruwa ya riƙa bin yanayin waje, ya kuma nuna wa mai gida yadda ake sauya shi. Mai aikin wuta mai lasisi ya gwada wayar ƙasa da makashin kariya da maɓallin raba faifai da inbata, ya ba da takardar sakamako. A sa mita ta daban a kan famfon zafi, a riƙa rubuta abin da ta nuna da abin da faifai suka bayar a ƙarshen kowane wata, a kwatanta da lissafin mataki na 2 da na 7. Idan bambancin ya yi yawa a shekarar farko, a kira wanda ya kafa injin ya sake saiti tun garanti bai ƙare ba.